Bugun Bobby Thomson da Nauyin da Ralph Branca Ya Ɗauka

Jama'a, assalamu alaikum. Zancenmu na yau a kan wasan besbol ne na Amurka, kuma zan mayar da ku shekarar 1951, lokacin da ƙungiyoyi biyu na birnin New York, wato Giants da Dodgers ta unguwar Brooklyn, suka gama kakar wasa kunnen doki, kowacce ta ci wasa 96, an ci ta 58. A wajen tsakiyar Agusta Dodgers tana gaba da tazarar wasa 13, har mutane suka ɗauka kambun ya samu mai shi, sai Giants ta ci 37 daga cikin wasanninta 44 na ƙarshe. Aka shirya wasa uku na raba gardama. Giants ta ci na farko da 3-1, Dodgers ta rama da 10-0.

Na ukun aka yi ranar 3 ga Oktoba a filin Polo Grounds. An shiga zagaye na tara, wato na ƙarshe, rabon Giants na bugu, Dodgers tana da 4, Giants 1. Mai jifa na Dodgers, Don Newcombe, ya gaji, aka ci shi maki ɗaya, ga kuma 'yan Giants biyu tsaye a sansani, wato wuraren da ɗan wasa ke tsayawa a kan hanyarsa ta zagaye fili ya ci maki. Sai kocin Dodgers, Charlie Dressen, ya shigo da Ralph Branca, saurayi ɗan shekara 25, duk da cewa Bobby Thomson, wanda ke riƙe da sanda a gabansa, ya riga ya bugi jifarsa har bayan katanga a wasan farko. Jifa ta farko Thomson bai ko motsa ba. Ta biyu ya maka ta, ƙwallo ta faɗa cikin 'yan kallo ta ɓangaren hagu, maki uku suka shigo, aka tashi 5-4. Branca ya je ya kife a matakalar ɗakin 'yan wasa yana kuka, kuma hoton nan ya bi shi har tsufa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ɗan jarida Joshua Prager ya tona a 2001. Tun daga Yulin 1951 Giants ta ajiye mutum da madubin hangen nesa a ɗakinta da ke can ƙarshen fili, yana leƙen alamar yatsu da mai cafka, wanda ke tsugune a bayan mai bugu, ke yi wa mai jifa kan irin jifar da zai yi, sannan a aika saƙo ta ƙararrawar lantarki ga wani ɗan ƙungiyar, shi kuma ya yi wa mai bugu alama. Wanda ya san irin jifar da ke tafe kuwa, an rage masa rabin aiki.

Thomson ya amsa cewa an yi satar, amma ya dage cewa bai karɓi alama a kan wannan jifa ba. Branca ya ji labarin tun 1954, ya haɗiye, yana shan zargin mutanen Brooklyn, bai fito ya kare kansa da shi ba kusan shekara hamsin. Cikin waɗannan shekaru ma ya yi abota da Thomson, suna zama teburi ɗaya suna sa hannu a kan hoton wannan bugu.