Amsoshin Tambayoyinku: Gyara Fuskar Kwamfuta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka zaɓo a wannan makon duk sun shafi fuskar kwamfuta, wato allon farko da mutum yake tararwa da zarar na'urar ta gama buɗewa, inda hoton bango da ƙananan alamomin manhajoji suke.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani ɗalibi a Zariya. Ya ce ya sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, yana son ya sa hoton mahaifinsa a bango, amma wurin da ake canzawa ya ƙi taɓuwa, kuma akwai wani rubutu dishi-dishi a kusurwar dama ta ƙasa da ba ya gushewa.

To malam, rubutun nan yana sanar da kai ne cewa ba a yi wa Windows ɗin da ke kan na'urarka rajista da lasisi ba, kuma kamfanin Microsoft yana kulle sashen kwalliya na saituna har sai an yi rajistar. Duk da haka hoton bango bai gagare ka ba. Ka buɗe foldar da hoton yake, ka ɗora linzami a kansa, ka danna maɓallin dama, sai ka zaɓi inda aka rubuta Set as desktop background. Sai dai ka kula da irin hoton da za ka ɗauko. Yawancin hotunan waya a tsaye ake ɗaukar su, allon kwamfuta kuwa a kwance yake, don haka ko dai a yanke kan mutum da ƙafafunsa domin hoton ya cika allo, ko kuma a ja shi gefe da gefe har fuska ta baje. Hoton da ya biyo ta WhatsApp ma an riga an matse shi, shi ya sa yake fitowa da hazo-hazo. Ana auna girman allo da ɗigo, wato ƙananan ɗige-ɗigen haske da ke haɗuwa su zama hoto: allon ƙananan kwamfutoci na hannu da yawa ɗigo 1366 ne a faɗi da 768 a tsayi, sababbi kuma galibi 1920 da 1080, saboda haka ka nemi hoton da aka ɗauka a kwance wanda girmansa bai gaza na allonka ba. Ina kuma roƙonka da ka guji shafukan da ke tallar hoton bango mai motsi kyauta. Irin wannan yana cin batir, abin da mai fama da ɗaukewar wuta ba ya buƙata, sannan duk fayil ɗin da sunansa ya ƙare da exe ko scr manhaja ce da za ta yi aiki a cikin na'urarka, kuma ta irin wannan ƙofa cutar kwamfuta take yawan shigowa.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ta rubuto cewa rubutu ya yi mata ƙanƙanta ko da ta sa tabarau, kuma da wani ya rage mata adadin ɗigon allon sai komai ya yi girma amma ya dusashe.

Malama, wannan gyaran da aka yi miki ba shi ne daidai ba. Kowane allo yana da adadin ɗigon da aka ƙera shi da su, idan aka rage sai na'ura ta riƙa shimfiɗa kowane harafi a kan ɗigon da ba su dace da shi ba, ido kuma ya ƙara wahala. Ki danna maɓallin dama a wani fili na fuskar kwamfutar, ki zaɓi Paramètres d'affichage idan taki da Faransanci take, ko Display settings ga masu Turanci, ki mayar da adadin ɗigon kan wanda na'urar ta ba da shawara, sannan ki ɗaga ma'aunin girma daga kashi 100 zuwa 125 ko 150. Rubutu zai girma kuma ya fito tangaran. Idan alamomin da ke fuskar ne kaɗai kike son su ƙaru, ki riƙe maɓallin Ctrl ki murza ɗan gargaren da ke tsakiyar linzami. A wannan shafin na saituna akwai kuma hasken dare, wanda yake rage shuɗin haske ya mayar da allo ruwan ɗorawa, kuma mai gyaran takardun ɗalibai bayan sallar isha'i za ta ji sauƙinsa.

Wani mai sauraro daga Kumasi a Gana yana so ya san ko koren tudun nan mai shuɗin sama da ke hoton bangon Windows XP zane ne. Hoto ne na gaske, wani mai ɗaukar hoto, Charles O'Rear, ya ɗauke shi a 1996 a gundumar Sonoma ta jihar Kalifoniya a Amurka, aka fito da shi tare da Windows XP a 2001.

Shi kuwa wani ma'aikaci a Kano kukansa shi ne maɓallin Start ya koma tsakiya tun da aka sa masa Windows 11. Haka aka tsara ta tun fitowarta a watan Oktoba na 2021, bayan an saba ganinsa a kusurwar hagu tun zamanin Windows 95. Ranka ya daɗe, ka danna maɓallin dama a kan layin da ke ƙasan allo, ka shiga saitunansa, ka nemi Taskbar alignment ka zaɓi hagu.

Wasiƙar da ta fi ɗaukar hankalina ta zo ne daga wata baiwar Allah mai shagon buga takardu a Jos. Ta ce fuskar kwamfutarta ta cika maƙil da takardun kwastomomi har hoton bango ba ya ganuwa, tana tambaya ko hakan ne ya sa na'urar nauyi, kuma tana tsoron goge wani abu kada manhaja ta lalace.

Hajiya, game da nauyi, yawan alamomi yana iya ɗan jinkirta bayyanar fuskar lokacin buɗewa, amma abin da ya fi jan ƙafar tsohuwar na'ura shi ne manhajojin da ke tashi da kansu da zarar an kunna, da kuma adon motsi da sheƙi na tagogi, waɗanda duk ana iya kashe su a saituna. Game da gogewa kuwa, ki dubi kowace alama da kyau. Wadda take da ɗan kibiya a kusurwarta ta ƙasa manuniya ce kawai, idan kika goge ta manhajar tana nan daram. Wadda ba ta da kibiya ita ce takardar kanta.

Abin da nake so ki fi riƙewa shi ne, fuskar kwamfuta folda ce kamar kowace, kuma tana zaune ne a ɓangaren C na ma'ajiyar kwamfutar, wurin da Windows take. Ranar da na'ura ta ƙi tashi aka kai wa mai gyara ya yi mata fomatin, wannan ɓangaren ake sharewa, kuma idan ba a kwafe kayan ba, ko ba a haɗa foldar da ma'ajiyar intanet irin OneDrive ba, takardun neman aiki da kundin binciken ɗalibai da mutane suka ba ki amana duk za su tafi tare. Ki buɗe folda ɗaya ta aiki, ki rarraba cikinta wata-wata ko bisa sunan mai takarda, ki riƙa kwafe ta zuwa filash ko wani faifai na waje duk ƙarshen mako, sannan ki bar manuniya ɗaya tak a fuskar kwamfutar da za ta kai ki can. Kafin ki miƙa na'urar ga kowane mai gyara kuma, ki tsaya a gabansa ya kwafe foldar Desktop da ta Documents, ki buɗe kwafin da hannunki ki tabbatar takardun suna buɗewa.