Rabin Aji a Makarantun Firamarenmu da Inda Hannun Iyaye Zai Shiga

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Mai girma shugaban taro, shugabannin makarantu, malamai maza da mata, iyayen yara, ina yi muku barka da zuwa.

An nemi in yi magana a kan rabin aji, wato ajin 'yan shekara biyar masu shirin shiga aji ɗaya, da irin taimakon da iyaye za su iya bayarwa a cikinsa. Zan fara da matsayinsa a hukumance, domin da yawa daga cikinmu suna ɗauka alfarma ce hedimasta yake yi wa unguwa idan ya karɓi ƙannen ɗalibansa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa UBEC, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, ta sanya kula da ƙananan yara da tarbiyyarsu a cikin ilimin matakin farko, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa, a bugunta na 2013, ta ware shekara ɗaya kafin firamare, ta ce malami ɗaya ya riƙe yara 25, kuma wasa ya zama babbar hanyar koyarwa. Saboda haka aji ne mai cikakken haƙƙi kamar aji shida.

Duk da haka, wanda ya zaga makarantun gwamnati a nan Zariya, daga cikin Birni zuwa Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru, zai lura cewa sau da yawa ɗakin da ya rage bayan an gama rabo shi ake ba rabin aji. Daɓen ya farfashe, tagogi babu murafe, iskar hunturu tana shigowa da ƙura kai tsaye, idan kuma an yi sa'a akwai benci, to na manyan yara ne, sai ka ga yaro zaune ƙafafunsa na lilo ba su taɓa ƙasa, teburin ya kai masa haɓa, a haka ake so ya riƙe fensir. A ganina ɗan shekara biyar ya fi buƙatar daɓe mai kyau da tabarma mai tsabta fiye da benci, domin a ƙasa yake yawancin aikinsa.

Abin da ya fi ɗakin muhimmanci, wanda kuma muke jin nauyin ambata a taro, shi ne banɗaki. Masai da aka haƙa don manya bakinsa ya yi wa ƙaramin yaro faɗi, ga duhu, don haka yana tsoronsa; ko dai ya matse har a tashi, ko ya ɓata wandonsa, 'yan'uwansa su yi masa dariya, washegari ya ƙi zuwa makaranta, uwa kuma ta ce a bar shi sai ya ƙara wayo. Yara da yawa ta nan suke sulalewa ba tare da an san dalili ba. Ana buƙatar banɗaki mai ƙaramin baki, kusa da ajin yadda malama za ta iya hango ƙofarsa, da buta, da ruwa, da sabulu. Bayan wannan sai inuwa, ko da ta darbejiya ce, saboda zafin bazara, sai kuma katanga da ƙofa, musamman a makarantun da ke bakin titi inda 'yan acaɓa ke wucewa.

Kayan koyarwa kuwa su ne mafi sauƙi. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya assasa irin wannan aji wajen 1840, da ƙwallayen ulu da guntayen katako ya fara. Mu muna da murafen kwalba don ƙirga, da karan dawa wanda yaranmu suka riga suka iya ƙera mota da shi, da yumɓu, da kwali, da ƙyallayen da tela yake zubarwa.

To ina iyaye za su shigo? Kusan kowace makaranta tana da ƙungiyar iyaye da malamai, tana kuma da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, wanda ake so ya haɗa wakilin mai unguwa, malaman addini, mata, tsofaffin ɗalibai da masu sana'a. Wannan kwamiti shi ya kamata ya san wane ne magini a cikin iyaye, wane ne kafinta, wane ne mai walda, domin aikin gayya na safiyar Asabar ɗaya ya isa a gyara daɓe, a rage tsawon ƙafafun benci, a sa wa taga murfi. Uba da ba zai iya ba da kuɗi ba zai iya ba da hannunsa, kuma wanda ya yi gumi a kan ɗaki ba ya zuba ido a ɓalle ƙofarsa.

Amma taimakon da malamar rabin aji ta fi buƙata shi ne babban mutum na biyu a cikin ɗakin. Idan ta raka yaro ɗaya banɗaki, wa ta bar wa sauran? A nan ne iyaye mata, musamman kakanni waɗanda ba su da goyo kuma fita ba ta yi musu wuya, suke da babban amfani: su taya wanke hannu kafin cin abinci, su rarrashi mai kuka, su yi wa yara tatsuniya da kacici-kacici, waɗanda suke koya wa yaro sauraro da jera magana tun kafin ya san baƙi. Matan da ba sa fita kuma suna iya ɗinka jakunkunan kayan wasa a gida su aiko.

Wajibi ne a sa wa wannan taimako iyaka. Mai sa-kai ba malami ba ne. Koyarwa aikin wanda ya yi NCE ne, wato takardar shaidar malanta ta ƙasa, kuma Zariya ba ta rasa masu wannan shaida. Mai sa-kai ba ya dukan ɗan kowa, har da nasa, kuma ba ya keɓewa da yaro inda malama ba ta gani. Haka nan kada sa-kai ya rikiɗe ya zama haraji, a wayi gari ana korar yaro saboda babansa bai kawo kuɗin siminti ba. Gina aji, rufin kwano da ɗaukar malamai nauyin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ne, wato SUBEB, da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, kuma doka ta ware wa UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, wanda jiha take karɓar rabonta idan ta zuba nata kason. Idan rufi ya yaye, aikin kwamiti shi ne ya rubuta wa sakataren ilimi, ya riƙa bibiya har a gyara.

Shawarata ga shugabannin makarantu ita ce a buɗe littafi ɗaya a ofis, a rubuta sunan kowane mai sa-kai da wanda ya tsaya masa a unguwa, da ranar da zai zo, kada kuma a ɗora wa mutum fiye da awa biyu a mako, domin wadda aka ce ta zo kullum ba za ta kai ƙarshen zango ba. A cikin littafin nan ne kuma za a rubuta wanda aka yarda ya ɗauki kowane yaro idan an tashi, kada a miƙa shi ga wanda sunansa ba ya ciki.