Amsoshin Tambayoyinku: Zazzaɓi ya tafi, jiki bai dawo ba

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Daga nan birnin Tawa muke gaishe ku, ga mu kuma da jakar wasiƙunku. Saƙonnin wannan satin sun yi yawa, wasu ta WhatsApp, wasu a takarda aka kawo har bakin ƙofa. Na ware guda biyar, don da na karanta sai na ga duk gindinsu ɗaya: ciwo ya zo ya wuce, amma mai shi bai koma yadda yake ba.

Ta farko daga wata malamar lakwal ce a nan cikin gari. A takardar da aka yago daga kaye ta rubuto, da jan bik irin na gyaran aikin yara. Ga abin da ta ce: "Na yi korona a farkon 2022, an gwada an tabbatar. Sati biyu na miƙe. Amma har yau in na tsaya gaban allo, sai kalmar da nake faɗa kullum ta ɓace mini, yara na kallona ina kallonsu. Ran da na yi wanki ko na je kasuwa, washegari ko tashi ba na iyawa, kamar an yi mini dukan kawo wuƙa. Sau uku ana yin analiz, a ce ba komai. Uwar mijina ta ce son jiki ne, ƙanwata ta ce iska ce. Akwai wannan ciwon, ko ni ce na ƙago shi?"

Malama, Allah ya ba ki lafiya. Akwai shi, ba ke kika ƙago ba. Tun watan Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta yi masa iyaka a rubuce: alamomin da mutum ke fama da su wata 3 bayan ya kamu da korona, suka ɗauki aƙalla wata 2, kuma ba wani ciwon da za a ɗora wa laifi. Manyan alamomin su ne gajiya, sarƙewar numfashi da dusashewar tunani. Biyu daga ciki kin lissafa da kanki.

To me ke faruwa a jikin? Masu bincike na jami'ar Oksfod a Ingila sun yi sa'ar da ba a cika samu ba. Suna da hoton ƙwaƙwalwar dubban mutane da aka ɗauka tun kafin annoba, sai suka sake kiran 785 daga ciki, 401 sun yi korona a tsakani. Sakamakon ya fito a watan Maris na 2022: waɗanda suka yi ciwon, wasu sassan ƙwaƙwalwarsu sun ɗan ragu fiye da na sauran, musamman ɓangaren da ke kula da jin ƙamshi, alhali yawancinsu ko gadon asibiti ba su kwanta ba. Raguwar ƙarama ce, kuma mutanen duk sun haura shekara 50, don haka kada ki ɗauka ƙwaƙwalwarki ke narkewa. Abin da ya nuna shi ne ciwon yana barin sawu a inda ake iya gani.

A 2023 kuma ayarin Farfesa Akiko Iwasaki ta jami'ar Yel a Amurka ya auna jinin mutum sama da 270. Masu irin larurarki an same su da ƙarancin kotizol, sinadarin da ke tashi da safe ya miƙar da mutum, sannan garkuwar jikinsu tana nan a tsaye kamar har yanzu ana yaƙi, wasu tsofaffin ƙwayoyin birus da ke barci a jikinsu ma sun farka. Analiz ɗin da ake yi mana a nan, na palu, wato zazzaɓin cizon sauro, da taifod da yawan jini, ba ya leƙa waɗannan wuraren. "Ba komai" da aka ce miki, ma'anarsa ba komai a cikin abin da aka nema.

Amma wanda nake so uwar mijinki ta ji, Allah ya sa tana kusa da rediyo, shi ne na birnin Amsadam a ƙasar Holan, wanda ya fito a Janairun 2024. Mutum 25 masu wannan larura aka ɗora kan keken motsa jiki suka tuƙa har suka gaji. An ɗan yanki tsokar cinyarsu kafin tuƙin, aka sake yanka kwana ɗaya bayansa, aka sa a madubin likita. Tsokar ta nuna rauni, ƙananan injinan da ke samar mata ƙarfi sun ja baya, abin da ba a gani haka ba a jikin masu lafiya da suka yi tuƙi iri ɗaya. Hajiya, ki yi haƙuri, son jiki ba ya fitowa a madubin likita. Wankin Litinin da ke kayar da surukarki ran Talata, an gan shi a cikin tsoka.

Saboda haka shawarar da muka saba bayarwa, ta "ki daure ki motsa jiki", ga mai irin wannan alamar tana iya ƙara ɓarna. Ki san iyakar ƙarfinki, ki tsaya tun kafin ki kai ta. Wankin kwana ɗaya a raba shi uku, darasi in da hali a yi wani a zaune. Ki koma likita ki nemi a duba ƙarancin jini, sukari, hawan jini da aikin maƙoƙo, don kowannensu na kawo gajiya, kuma su suna da magani. Shi kuwa wannan, zuwa yanzu ba a tabbatar da wani magani guda da ke warkar da shi ba, ko da yake da yawa suna samun sauƙi sannu a hankali. Duk wanda ya miƙo miki kwalba ya ce jikka goma ki warke sarai, ki riƙe kuɗinki. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa likita, ki haɗa duka.

Saƙo na biyu wani makiyayi ne daga wajen Cintabaradan, ɗansa ya rubuta masa. Ya ce ƙanensa ya yi zazzaɓin nan na 2016 da ya kashe dabbobi da mutane, ya tashi, amma tun lokacin ido ɗaya hazo-hazo yake gani. Yana tambaya ko akwai dangantaka.

Baba, wannan zazzaɓin shi ake kira na Kwarin Rif, kuma ba mu manta ba: a Cintabaradan da Tasara ya ɓulla a daminar 2016, ya ci rayuka sama da 30. Daga jini da naman dabba mai ciwo ake ɗaukarsa, wajen yanka ko taya dabba haihuwa, sauro ma na kai shi. Yawancin mutane cikin sati guda suke warkewa. Amma kaɗan daga ciki, wajen mutum 1 ko 2 cikin 100, sai bayan sati 1 zuwa 3 ciwon ke taɓa bayan ido, inda hoto ke sauka, kuma tabon kan zauna. Wasu ƙalilan ma ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Ku kawo shi a haska cikin idon, don yanar ido da hawan jinin ido su ma hazo suke kawowa, kuma yanar ana cire ta. Ba shi kaɗai ke barin irin wannan gado ba: zazzaɓin Lasa na kurmantar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tsira.

Sai wani ɗalibi daga jami'ar nan tamu, wanda ya ce ya gani a Facebook wai an gano birus da ake ɗauka ta yawu yana shanye jiki. Ya ce tun ran nan ya daina shan shayi da kofin fada.

Ƙanena, koma ka sha shayinka. Sunan birus ɗin Epstein-Barr, kuma kusan mutum 95 cikin 100 na manya a duniya suna ɗauke da shi. A ƙasashenmu tun muna rarrafe muke samunsa, ya shige cikin wasu ƙwayoyin jini ya kwanta har ƙarshen rai. Asalin gano shi ma daga Afirka ne: wani likita, Denis Burkitt, ya lura da ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, aka aika tsokar Landan, a 1964 aka ga birus ɗin a ciki.

Labarin da ka gani yana da tushe. Akwai ciwon da Faransawa ke kira sikeleroz an plak, inda garkuwar jiki ke cinye rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar ɓera ya gaigaye robar wayar lantarki: wuta na nan amma ba ta isa inda aka aike ta, sai gani ko tafiya su samu tangarɗa. Masu bincike na jami'ar Habad sun bi jinin sojojin Amurka sama da miliyan 10 da aka adana na tsawon shekara 20. Cikin mutum 801 masu ciwon da aka duba jininsu, mutum ɗaya tak ne ba a ga alamar birus ɗin a jikinsa ba, kuma haɗarin ciwon ya ninka sau 32 bayan kamuwa da shi. A Janairun 2022 aka buga wannan. A watan dai, ƴan jami'ar Istanfod suka nuna yadda abin ke iya faruwa: wani yanki na birus ɗin ya yi kama da wani sinadari na ƙwaƙwalwa, sai makamin da jiki ya ƙera don baƙo ya sari ɗan gida. Amma ka yi lissafi da kanka, kai ɗan jami'a ne: biliyoyi na ɗauke da birus, masu ciwon a duniya ba su kai miliyan 3 ba, kuma ya fi yawa a ƙasashen sanyi. Sai wasu abubuwa sun haɗu, gado da taba da ƙarancin bitamin D.

Af, tun da mun zo nan: kyautar Nobel ta likitanci ta 2025 a kan wannan fage aka bayar da ita, ga Shimon Sakaguchi na Japan da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka. Su suka gano wasu ƙwayoyin garkuwa da aikinsu shi ne riƙe hannun ƴan uwansu kada su auka wa jikin da suke gadi.

Wani dattijo tsohon ma'aikaci daga Birnin Ƙonni ya ce ya ji an samo allurar gigin tsufa, ina ake yi?

Alhaji, ba a kai can ba tukuna. Allurar zona ce, ciwon nan mai ƙuraje da zafi kamar wuta a gefe ɗaya na jiki, wanda birus ɗin ƙarambau da mutum ya yi yana yaro ke farkawa ya kawo. A yankin Wels na Birtaniya, da za a fara allurar a Satumban 2013, sai aka ja layi: wanda aka haifa daga 2 ga Satumban 1933 zuwa gaba ya cancanta, wanda ya riga wannan ranar ko da kwana ɗaya ne bai samu ba. Sai ga tsofaffi sa'o'in juna, wasu da allura wasu babu. Aka bi mutum sama da 280,000 shekara 7, aka ga gigin tsufa ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100 ga waɗanda aka yi wa, kuma ya fi fitowa ga mata. A Afrilun 2025 aka buga. Ni a ganina wannan na cikin labarai mafi daɗi da suka fito a fannin, amma ba ta dawo da hankalin da ya riga ya gushe. Abin da ke hannunka yau, Alhaji, shi ne awon hawan jini da sukari, barin taba, da neman magani in kunne ya fara nauyi.

Ta ƙarshe, wata uwa daga Madawa. Ta ce ɗanta ya yi dusa, wato baƙon dauro, da bazarar bara. Ƙurajen sun bushe, amma tun sannan daga zawo sai tari, daga tari sai ciwon kunne, yaron da a baya da ƙyar yake yin ko mura.

Yaya, idonki ya ga abin da masu bincike suka daɗe suna nema. Garkuwar jiki tana da kundi, duk ciwon da yaro ya taɓa yi ko aka yi masa allurarsa, tana ajiye kamanninsa. Dusa kan shiga ta kashe ƙwayoyin da ke riƙe da kundin nan. An auna jinin yara 77 da ba a yi wa rigakafi ba a ƙasar Holan, kafin su kamu da bayan sun warke, sakamakon ya fito a 2019: sun rasa tsakanin kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na makaman da jikinsu ya tara. Sai yaro ya sake koyon cututtukan da ya riga ya sani, ɗaya bayan ɗaya, abin kan ɗauki shekara 2 zuwa 3. Yaran da aka yi wa allura ba a ga wannan asarar a jikinsu ba. Akwai kuma ƴan kaɗan da birus ɗin ke ɓuya a ƙwaƙwalwarsu, ya tashi bayan shekara 7 zuwa 10, ya fi samun waɗanda suka kamu suna jarirai.

Kada ki jira zawo ya kwana biyu ko numfashi ya fara sauri, ki kai shi likita da wuri. Ki tambaya ko an ba shi bitamin A, a auna nauyinsa, a ƙara masa ƙwai da wake da nono gwargwadon hali. Kin ce yana da ƙanwa ƴar wata 7. Ki ɗauko karnenta na rigakafi ki ajiye kusa: allurar farko a wata 9 ake yi, ta biyu bayan ta shige shekara, kuma ta biyun ce iyaye suka fi mantawa. Kyauta ce a CSI, likitar gwamnati da ke kusa da ku.

Mai kula da na'ura yana ta nuna mini agogo. Mai tambaya kan farfaɗiya bayan sanƙarau daga Illela, wasiƙarka na sama, da ita za mu buɗe sati mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.