Darasi: Sayen kan sarki kafin kuɗinsa ya tashi

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka, ya sanyin Jos? Darasinmu na yau a kan kan sarki ne. Na san akwai yaron da ke gefen rediyo yana tambayar babarsa, wane sarki kuma? To yaro, 'yar takardar nan ce da ake mannawa a jikin ambulan kafin a jefa wasiƙa a gidan waya. Sunan ya samo asali tun zamanin Turawa, lokacin da hoton kan sarkin Ingila ne a jiki. Mu da muka yi zamanin aika katin zaɓi sonka mun lashe shi har ba adadi.

Wata Hajiya ce daga Unguwar Rogo ta aiko da tambaya. Ta ce ɗanta da ke karatu a Amurka ya gaya mata ya sayi kan sarki guda ɗari ya adana, don an ce za a ƙara masa kuɗi. Shin ita ma ta je ta saya ta ɓoye?

Hajiya, kafin ki kwance bakin zani, ɗauko kan sarki ɗaya ki kai shi wajen haske. Me aka rubuta a fuskarsa? Amsar tambayarki tana nan.

Na wurin ɗanki ba a buga kuɗi a jikinsa ba. Kalma ɗaya ce, Forever, wato har abada. Hukumar gidan waya ta Amurka ta fito da shi a 2007, ana sayar da shi santi 41. Alƙawarin da ke kansa shi ne zai kai wasiƙa guda marar nauyi ko'ina cikin ƙasar, ko da farashi ya ninka bayan an saya. Kuma ya kusa ninkawar. A watan Yulin 2024 ya tashi daga santi 68 zuwa 73, Yulin 2025 ya koma 78. Ku yi lissafin tare da ni. Wanda ya sayi ɗari a 2007 ya biya dala 41, wanda ya saya a ƙarshen 2025 sai da ya ajiye dala 78. Aiki ɗaya za su yi. Amma fa kar a ruɗe ku, ita ma dalar ta rage daraja a shekarun nan, don haka ba sana'a ba ce. Mai aika wasiƙa a kai a kai ne ke ganin sauƙin.

Ingila ma suna da irinsa, a jiki za ka ga 1st ko 2nd, babu kuɗi. Sai dai su sun ɗanɗana wani abu. Da aka kawo sabon samfuri mai lambar da na'ura ke karantawa, tsofaffin na yau da kullum sun daina aiki bayan 31 ga Yulin 2023, dole masu tari suka aika da su aka musanya musu. Kun ga ajiyar ma tana son sa ido.

To mu dawo gida. Kan sarkin NIPOST, wato hukumar gidan waya ta Najeriya, kuɗinsa a rubuce yake, naira kaza, ɓaro-ɓaro. Idan ka sayi na naira ɗari yau, baɗi ma na naira ɗari ne. Ranar da kuɗin aika wasiƙa ya tashi, ma'aikacin zai ɗora ambulan a kan sikeli ya ce Alhaji, sai ka ciko. Ka ga ba ka tsere wa komai ba, kuɗinka kawai ka kulle a durowa, ga naira kullum tana zagwanyewa. Ni dai Hajiya, da ni ce ke, mudun shinkafa zan saya da kuɗin. Ki sayi daidai na buƙata, ko 'yan ƙwarori saboda rasit da takardar yarjejeniya da ake manna wa kan sarki a sa hannu a kai.

Kar kuma ɗanki ya aiko miki da nasa ki ce za ki yi amfani da shi daga nan. Kan sarkin ƙasar da aka jefa wasiƙar ne ke aiki. Shi kuma ki ja masa kunne, in ya ga ana tallan Forever a Facebook a rabin kuɗi, ya kauce, jabu sun yi yawa. Ya sayi nasa a gidan waya.

Sai batun adanawa, nan kam na sha. Wata damina na cusa guda ashirin cikin walat, ruwan Agusta ya same ni a Taminus ina jiran mota. Da na isa gida na tarar sun manne sun zama curi guda, garin ɓamɓarowa rabi suka yage. Ƙaron da ke bayansa ba ya shiri da laima ko gumi. A shimfiɗe shi cikin ambulan, a saka tsakiyar littafi mai kauri, a ɗora a saman kabad nesa da bango. In aka zo mannawa, a ɗan jiƙa yatsa kawai, a manna shi a kusurwar sama ta hannun dama, gefen da aka rubuta adireshi.