Fodkas: Horon da Ɗalibin Digirin Digirgir Yake Buƙata Kafin Ya Fita Tattara Bayanai

Malam: Assalamu alaikum, masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau zancen 'yan digirin digirgir za mu yi, abin da ya kamata ɗalibi ya koya a gefen bincikensa da inda zai samu horon. Furfesa da Dakta suna nan kamar kullum. Allah ya gafarta malam, ta ina ake farawa?

Furfesa: Ta sanin lokacin da za a koyi kowane abu. Tarukan bita ba su yi ƙaranci kamar yadda ake kuka ba, a makare ake zuwansu. Ɗalibi zai raba takardun tambayoyi 400, ya tattaro su ya cika kwali, sannan ya shiga neman wanda zai koya masa ƙididdiga. To, a lokacin aikin gama ya gama. Mai ƙididdiga ba zai iya gyara tambayar da aka yi ta a karkace ba.

Dakta: Bari in ba da misali, Furfesa. An rubuta tambayar da Turanci, ana son sanin yawan mutanen iyali. Mai tattara bayanai ya isa ƙauye ya ce, "Mutum nawa ne a gidanka?" A babban gida inda wa da ƙani da matansu da 'ya'yansu suke zaune cikin katanga ɗaya, wani zai ƙirga kowa ya ce talatin, maƙwabcinsa ya ƙirga nasa sashen kawai ya ce bakwai. Duk gaskiya suka faɗa, amma ba tambaya ɗaya suka amsa ba. Da an ce "masu ci daga tukunya ɗaya", da magana ta fita.

Malam: Ke nan fassarar ma sai an koye ta.

Dakta: Ƙwarai kuwa. Mutum ɗaya ya mayar da takardar Hausa, wani daban wanda bai ga ta asali ba ya sake mayar da ita Turanci, a ajiye biyun a kwatanta. Duk inda suka saɓa, nan matsala take. Sai a gwada ta a kan mutum 20 zuwa 30 waɗanda ba za su shiga ainihin binciken ba. Idan aka bar kowane mai tattara bayanai ya fassara da ka a bakin zaure, mutum biyar aka tura, takarda biyar aka yi.

Furfesa: Akwai dabarar da nake so kowane ɗalibi ya riƙe. Tun kafin ya kare shimfiɗar bincikensa, ya zana teburan da za su fito a babin sakamako, ya bar gurabensu babu lambobi. Kowane tebur ya san tambayar binciken da yake amsawa. Tambayar da ba ta da gurbi a kowane tebur, a cire ta, wahalar da mutane kawai za ta yi. Teburin da babu tambayar da za ta cika shi kuwa, ya nuna an manta da wani abu, kuma gara a gane yanzu da a gane bayan damina ta wuce, manoman da aka yi wa tambayoyi sun tafi cirani.

Malam: Manhajoji fa, Dakta? Da yawa suna jin tsoron kuɗinsu.

Dakta: A manhajojin ƙididdiga, SPSS sai da lasisi, amma R kyauta ce, kuma darussan Carpentries na masu fara koyon ta suna nan a intanet ba a biyan ko kwabo. G*Power tana lissafa yawan mutanen da bincike yake buƙata, ita ma kyauta. Sai KoboToolbox, wadda ake cika tambayoyi a waya ko babu sabis, a tura idan an shigo gari. Alherinta shi ne za ka iya hana ta karɓar amsar da ba ta yiwuwa, kamar shekara 200, kuma ta tsallake tambayoyin haihuwa ga wadda ta ce ba ta taɓa haihuwa ba. Amma a riƙa turawa kowane dare, don waya tana ɓata. Bayanan kuma a ajiye kwafi uku, ɗaya ba a ɗakin da kwamfutar take ba.

Furfesa: Kada a manta da izinin kwamitin ɗa'ar bincike. Kafin a taɓa mutum na farko ake karɓarsa. Mujallu masu daraja suna tambayar lambar izinin, kuma ba a bayar da shi bayan an gama aiki. Masu binciken lafiya su duba kwas ɗin TRREE na ɗa'ar bincike a intanet, kyauta ne, ana samun takardar shaida.

Malam: Rubutu kuma?

Dakta: Zotero tun makon farko. Duk maƙalar da ka karanta ka jefa ta ciki, ita za ta jera manazarta a salon da sashenku yake so. A buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, minti biyar ne. A kuma je wurin ma'aikacin laburare a tambaya ko jami'ar tana cikin Research4Life, don ta nan ake buɗe mujallun da ake saye da tsada. Abin da ya fi damuna shi ne mujallun bogi. Saƙo zai zo ta imel, ana yabon ka, ana alkawarin bugawa cikin mako ɗaya idan ka biya. Tantance maƙala ta gaskiya takan ci watanni. A nemi sunan mujallar a shafukan da ke jera mujallun da aka tantance, DOAJ ko Scopus ko AJOL, da kai, kada a yarda da tambarin da ta manna a shafinta. Babin da aka kai can ya tafi, wata mujallar ba za ta sake karɓarsa ba.

Malam: Furfesa, mu zo ga fita waje. Wanda ya riga ya yi rajista a gida yana da hanya?

Furfesa: Yana da ita. Hukumar tallafin karatu ta Commonwealth tana da tsarin da ɗalibi zai zauna a jami'arsa, ya je wata jami'a a Birtaniya ya yi wata 12, ko dai a jere ko a raba shida-shida, ya dawo ya kare kundinsa a gida. Sharaɗin da ke kayar da mutane shi ne sai da malami a can wanda ya amince zai duba aikin, tare da goyon bayan mai duba aikinka na nan. Wannan ba a haɗa shi cikin mako biyu. A fara wasiƙa kusan shekara guda kafin a buɗe neman. DAAD, hukumar musayar ɗalibai da malamai ta Jamus, ita ma tana da tallafin irin wannan ziyara.

Dakta: Wasiƙar ita ce gwajin farko. Gajera, da shafi ɗaya na tsarin aiki a maƙale. Ka ambaci maƙalar malamin da ka karanta, ka faɗi ainihin na'ura ko dabarar da babu a sashenku, da abin da za ka gama a watannin. Wasiƙar da aka kwafa aka tura wa mutum hamsin, daga layin farko ake gane ta.

Malam: Masu sauraronmu na Nijar fa, tunda ba sa cikin Commonwealth?

Furfesa: Su duba AUF, ƙungiyar jami'o'i masu amfani da Faransanci. Ita ke gudanar da tallafin Eugen Ionescu, wanda ke kai ɗaliban digirin digirgir jami'o'in Romaniya na 'yan watanni, amma su fara tabbatarwa ko 'yan Nijar suna cikin waɗanda za su iya nema. A Najeriya kuma, malaman manyan makarantun gwamnati suna da tallafin asusun TETFund, na karatu da na halartar taro, amma ta hannun makarantarka ake nema. Cibiyoyi irin ta nazarin noma a busassun yankuna da ke Jami'ar Bayero suna shirya gajerun kwasa-kwasai, a riƙa leƙa sanarwarsu.

Dakta: Saura iya magana. A 2008 Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta fara gasar bayanin kundi cikin minti uku, da hoto ɗaya tak wanda ba ya motsi. Ɗalibai biyar za su iya haɗuwa duk ranar Alhamis su yi irinta a sashensu, agogon waya a kan tebur. Ni shawarata a yi zagaye ɗaya da Hausa, a gaban wanda ba ɗan fannin ba, a tambaye shi me ya fahimta. Inda ya ɓata, nan ne mai jarrabawa na waje zai tsaya ranar kare kundi.

Malam: Madalla. Furfesa, Dakta, mun gode, Allah ya ƙara basira. Mako mai zuwa za mu ɗauki yadda ake amsa gyaran masu tantance maƙala, layi bayan layi. A huta lafiya.