Raunin da hoto ba ya nunawa: aikin likitan jijiyoyi da 'yan mazan jiya

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ma mu uku ne, ni da Malam Garba da Likita Aminu. Sai dai yau Likita ne zai sha tambaya, domin a kan aikinsa za mu yi magana, wato duba ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin tsofaffin sojoji.

Garba: Ni zan fara. Likita, mutum ya dawo daga fagen fama da hannu biyu da ƙafa biyu, ko tabo babu. Me zai kawo shi wurinka?

Aminu: Malam, galibi ba shi ke kawo kansa ba, uwargida ce ke jawo shi. Soja an hore shi ya cije. Ka ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi. Sai ta ce a'a Likita, ba sauƙi. Kullum ciwon kai, haske na damunsa, kunne na ƙara, a faɗa masa magana yanzu an jima ya manta, abu kaɗan ya hau faɗa da yara, dare kuma ba barci. Daga nan nake ajiye alƙalami in tambaye shi inda ya yi aiki, da ko wani abu ya taɓa fashewa kusa da shi.

Zainab: To ai idan ɓuraguzai ba su same shi ba, ina raunin?

Aminu: Nan mutane da yawa ke yin kuskure, Malama Zainab. Idan bam ya tashi, kafin ƙarfe ya iso akwai wata iska mai tsananin ƙarfi da ke riga shi, ta ratsa jiki har cikin ƙoƙon kai. Bayanta ɓuraguzai, sannan a yi jifa da mutum ya bugu da bango ko jikin mota. Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi, tana girgiza a cikin ƙashi, ƙananan zaruruwan da ke haɗa sassanta su miƙe ko su tsinke. Yaƙe-yaƙen Afganistan da Iraƙi, daga 2001 da 2003, su suka fito da wannan fili saboda bama-baman gefen hanya. Sulke da saurin kai wa asibiti sun ceci waɗanda a da mutuwa za su yi, suka rayu da girgizar. A lissafin rundunar Amurka, fiye da kashi 80 cikin 100 na raunukan ƙwaƙwalwa irin wanda ake kira mai sauƙi ne. Yawancinsu kan warware cikin makonni, amma akwai waɗanda abin ke bi shekaru.

Garba: Ba sai a ɗauki hoton kai a gani ba?

Aminu: Ana ɗauka, ya fito fes. Hoton CT jini da karaya yake nunawa da kyau, waɗannan zaruruwa kuwa sun yi masa ƙanƙanta. MRI ya fi shi gani, shi ma ba kullum ba, kuma maganaɗisu ne babba, don haka mai ɓurgujen ƙarfe a ido ko kusa da laka ba a shigar da shi kai tsaye. Abin da ke ci mini rai shi ne a miƙa wa mutum hoto a ce lafiyarka ƙalau. Ya koma gida, iyalinsa su ɗauka raki ne ko baƙin hali.

Zainab: Ko a ce duk firgicin yaƙi ne.

Aminu: Wani lokaci shi ne, wani lokaci duka biyun, domin fashewar da ta girgiza masa kai ita ce ta kashe abokinsa a gabansa. Rashin barci, mantuwa, saurin fushi, duk suna cikin wannan suna cikin wancan. Shi ya sa ba na aiki ni kaɗai, sai da likitan da ke kula da damuwa da taɓin hankali. Wannan gardama kuwa ta daɗe. A 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani likitan Birtaniya, Charles Myers, ya rubuta a mujallar Lancet game da sojojin da ke karkarwa, wasu suka daina gani ko ji, alhali ba rauni a jikinsu.

Garba: Na san a wancan yaƙin Birtaniya ta harbe sojojinta 306 bisa laifuka irin su gudu daga fagen daga da ragwantaka, sai a 2006 aka yi musu afuwa.

Aminu: Haka ne Malam, kuma ana kyautata zaton wasu daga cikinsu marasa lafiya ne. Sai a 1980 ma likitocin Amurka suka shigar da ciwon firgicin bayan bala'i cikin kundin cututtukansu a hukumance.

Zainab: Wanda ya yi ritaya shekara talatin da suka wuce fa, shi ma kana tambayarsa yaƙi?

Aminu: Shi na fi tambaya. An bi diddigin sojojin Amurka da harsashi ko ƙarfe ya huda musu kai a Biyetnam, aka tarar kusan rabinsu sun kamu da farfaɗiya, wasu sai bayan fiye da shekara 10 ta fara. Sannan akwai gubar kashe ciyayi da aka yi ta fesawa a dazukan ƙasar, Agent Orange. A 2010 ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka ta amince cewa wanda ya yi aiki inda aka fesa ta, ya zo ya kamu da cutar Parkinson, mai sa karkarwa da nauyin jiki, za a ɗauka aikin soja ne sanadi, ba sai ya kawo hujja ba. Tun 2008 ta yi haka ga cutar ALS, wadda ke kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali har ta kai ga numfashi, saboda an ga ta fi yawa a cikin waɗanda suka yi soja. Idan ban tambaya ba, ban rubuta ba, mutum na iya rasa haƙƙinsa.

Garba: Wato takardar ma magani ce.

Aminu: Wallahi rabin yinina a kanta yake ƙarewa, kuma ba na raina ta. Da ita ake samun fansho da keken guragu da kuɗin mai jinya.

Zainab: Akwai abin da na daɗe ina son tambaya. Da gaske ne wanda aka yanke wa ƙafa yana jin ciwo a ƙafar da babu?

Aminu: Da gaske ne, yawancinsu ma. Ƙwaƙwalwa na da taswirar jiki, an cire ƙafa amma gurbinta na nan yana aiki. Likita Silas Weir Mitchell ya bayyana abin dalla-dalla daga sojojin yaƙin basasar Amurka da ya yi jinya a Filadelfiya a shekarun 1860. Da yawa suna ɓoyewa kada a ce sun zautu, sai ka riga su faɗa sannan su saki jiki. Ɗaya daga cikin dabarunmu madubi ne. A ajiye shi tsakanin ƙafafu, mutum ya motsa mai lafiyar yana kallo, ido ya nuna wa ƙwaƙwalwa kamar ɗayar ta dawo tana motsi. Ba kowa yake yi wa aiki ba, amma wasu na samun sauƙi sosai.

Garba: To mai tsohon soja a gida, me zai zo da shi idan za su ga likita?

Aminu: A zo da wanda ke kwana da shi, shi ya san minshari da firgita da abin da ke faruwa cikin dare. A zo da duk magungunan da yake sha, har na ciwon kai da yake saya da kansa, domin yawan shansu kan mayar da ciwon na kullum. Idan yana faɗuwa, a ɗauki bidiyo da waya. Ba kowace faɗuwa ce farfaɗiya ba, akwai wadda damuwa ke haifarwa, kuma maganinsu daban. Yayin faɗuwar kada a cusa masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe, a duba agogo. Ta wuce minti 5, sai asibiti.

Zainab: Mun gode Likita, mun gode Malam. Masu sauraro, a nan za mu dakata, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.