Nas a Ƙofar Baƙo: Jinyar Iyalan da Suka Sauka a Sabuwar Ƙasa

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, 'yan'uwana ma'aikatan jinya, barkanku da war haka. Na baya kuna jina ko? To, madalla.

An ce in yi magana a kan yadda nas ta unguwa za ta tallafa wa iyalin da suka sauka wata ƙasa ba da jimawa ba, ga rashin kuɗi, ga rashin jin harshen gari, ga rashin dangi. Bari in fara da abin da yakan ba mutane mamaki. Bincike a ƙasashe irin su Kanada da Amurka ya sha nuna cewa baƙi da yawa kan iso da ƙoshin lafiya fiye da 'yan ƙasa, sai an kwana biyu lafiyar ta fara zubewa. Me ya cinye ta? Ɗaki mai danshi, aikin dare, kaɗaici, da wasiƙar asibiti da aka ajiye a kan firji saboda babu mai karantawa. Asibitin yana nan, ƙofarsa a buɗe, amma baƙo ko da idonsa makaho ne. Shi ya sa nake cewa nas ce za ta taka ta je.

Wannan aiki ya daɗe. A 1859, a Libaful ta Ingila, wani ɗan kasuwa, William Rathbone, ya ɗauki nas Mary Robinson, wadda ta yi jinyar matarsa, ta riƙa bin gidajen talakawa. Amma wadda ta fi kusa da zancenmu ita ce wata nas 'yar Amurka, Lillian Wald. A 1893 tana koya wa matan baƙi jinyar gida a birnin New York, sai wata yarinya ta zo ta ja ta zuwa gidansu. Ta tarar da uwar kwance cikin jini bayan haihuwa, likita ya yi tafiyarsa saboda ba su da abin biya. Wald da ƙawarta Mary Brewster suka tattara suka koma cikin unguwar, wadda ke cike da Yahudawan Gabashin Turai da 'yan Italiya, daga nan cibiyar Henry Street, mai tura nas-nas gidajen talakawa, ta samo asali. A 1902 Wald ta tura wata nas, Lina Rogers, makarantu huɗu. Da can yaron da aka gani da makero ko ciwon ido korarsa ake yi gida, ya koma titi yana wasa da yaran da ake gudun ya sa wa. Rogers ta riƙa yi musu magani a makaranta, ta bi su gida ta zauna da iyaye. Kafin a jima hukumar birnin ta ɗauki ƙarin nas-nas.

To, ke da kika shiga gidan yau, me za ki fara yi? Ki zauna tukuna. Kada ki zaro takarda tun daga bakin ƙofa. Mutumin da ya sha tambayoyi a kan iyaka, duk mai riƙe da biro jami'i ne a wurinsa. Ki faɗi sunanki, ki faɗi wanda ya aiko ki, ki faɗi inda bayanan da za ki rubuta za su je. Wannan na ƙarshen ya fi komai, kuma kada ki yi alkawarin da dokar ƙasar ba ta ba ki ba. A Ingila an taɓa ƙulla yarjejeniyar da ta ba ma'aikatar cikin gida damar karɓar adireshin marasa lafiya daga hukumar lafiya don neman waɗanda takardunsu suka ƙare. Likitoci da 'yan majalisa suka yi ca, aka dakatar da ita a 2018. Amma tsoro ba ya bin sanarwa. Har yanzu za ki iske mace mai ciki wata bakwai ba ta taɓa zuwa awo ba, alhali a Ingila yin rajista da likitan unguwa ba ya buƙatar shaidar zama ko ta adireshi. Ita ba ta sani ba. Wani lokaci ma mai karɓar baƙi a asibitin bai sani ba, sai kin raka ta kin tsaya a kanta.

Sai tafinta. Nan zan ɗan ja magana, don nan muke yawan kasawa. Yara kan riga iyayensu koyon harshe, sai ka ga an jawo ɗan shekara tara ya fassara. Haba jama'a! Wace uwa ce za ta faɗi zancen zubar jini, ko dukan miji, ko cewa ta gaji da rayuwa, ta bakin ɗanta? Shiru za ta yi, ke kuma ki rubuta lafiya lau. Miji ma ba tafinta ba ne, komai kirkinsa. A nemi wanda aka horar, ko ta waya ce. Ki kuma tambayi matar ko ta yarda da shi, domin in 'yan ƙasarsu kaɗan ne a garin, mai yiwuwa tafintan maƙwabcinsu ne. In kin gama bayanin magani, kada ki ce "kin gane?" Kowa zai ce e don kunya. Ki ce ta nuna miki yadda za ta auna wa yaron.

Allurar rigakafi ba ta da wuya. In akwai kati, a ɗora daga inda aka tsaya, ba a komawa farko. In ya ɓace a hanya, a bi jadawalin cike giɓi na ƙasar, a gaggauta ta ƙyanda saboda cunkoso. Tarin fuka ne ke son haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, a jikin yawancinsu kwance take, ba ta sa tari, ba ta yaɗuwa. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne takan tashi a jikinsu. Yanzu ki shawo kan magidancin da yake jin garau ya sha magani wata uku ko shida, yana kuma zargin sakamakon zai sa a mayar da shi. Takardar likita ba ta yin wannan. Sai fuskar da ya saba gani, wadda ke dawowa.

Ki kuma buɗe ido a ɗakin. A ƙasashen sanyi iyalai sun mutu saboda sun kunna gawayi sun rufe taga, hayaƙin da ke kisan ba shi da wari. Ki dubi bango. Wasunku sun ji labarin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, iyayensa daga Sudan, wanda ya rasu a garin Rochdale na Ingila a Disambar 2020. Binciken da aka kammala a 2022 ya tabbatar da cewa fumfunar da ta cinye bangon gidansu ce ta lalata masa numfashi. Abin da ke ci mini rai shi ne, ma'aikaciyar lafiya ta shiga gidan, ta gani, ta rubuta wa masu gidan. Ba a gyara ba. Daga baya aka yi doka da sunansa wadda ta ɗaure masu gidajen haya na gwamnati da na ƙungiyoyin gidaje da wa'adin gyara. Saboda haka in kin rubuta, ki buga waya. In an yi shiru, ki kai gaba, ki sa likita ya sa hannu, ki rubuta ranar kowane kira.

Na san wani zai ce, Malama, mu nas ne, ba lauyoyi ba. Gaskiya ne, kuma ban ce ki ɗauki kayan kowa ba. Ki san lambar mai ba da shawara kan gidaje, da ta ajin koyon harshe, da ta ƙungiyar da ke raba abinci, ki haɗa su hannu da hannu. Mai jego da ba ta da uwa ko 'yar'uwa kusa, ki tambaye ta barcinta da kukanta a kowace ziyara, ba sau ɗaya ba. Kuma ku shugabanni da ke zaune a gaba, roƙona gare ku: ku daina sauya wa iyali nas kowane mako. Wadda ta fara, a bar ta ta ci gaba, ko da jadawalin aiki zai ɗan wahala.

Shugaban zama yana ta nuna mini agogo. Maganar masu ciwon suga da hawan jini da maganinsu ya yanke a hanya, mu ɗauke ta a cikin tambayoyi. Baiwar Allah mai ɗaga hannu a can, bismillah.